Rigunan Baba a Allon Kwamfuta

Shekara huɗu na yi ina aiki a wani shagon buga takardu da ke bakin titi a Wudil, ba nisa da jami'a. Aikina in zauna gaban kwamfuta in buga abin da aka kawo mini: aikin kammala karatu na ɗalibai, takardar neman aiki, katin ɗaurin aure, wani lokacin har wasiƙar ƙorafi da mai ita zai tsaya a kaina yana faɗa ina bugawa. Manhaja ɗaya tak na sani, wadda ake rubutu da ita, amma ita kam na san lungu da saƙonta. Na iya jan layi, na iya tebur, na iya sa lambar shafi ta fara daga inda ake so. Ɗalibai kan turo junansu wurina, kuma ba zan ɓoye ba, hakan ya ɗan fasa mini kai.

Mahaifina maɗinkin babbar riga ne, aikin hannu. A zauren gidanmu da ke Sabon Gari yake zama a kan buzu, riga a cinya, allura a hannu, tun ina rarrafe haka na san shi. Riga ɗaya takan ci masa wata biyu ko uku. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Wata Asabar yayana, wanda ke sayar da kayan gini a Fatakwal, ya kira ni a waya. Bayan mun gaisa ya tambayi kowa da kowa, sai ya ce, "Ke, kin iya haɗa shafin intanet?"

Na ce, "Na me, Yaya?"

"Na rigunan Baba. Akwai alhazai a nan da suke ganin wadda ya ɗinka mini suna tambaya. In na ce aikin hannu ne sai su ce in nuna musu wasu, ni kuma ba zan riƙa yawo da riguna a jaka ba. Ina da aboki da zai ɗora shafin. Ke dai ki haɗa ki turo."

Ban taɓa haɗa shafi ba. Amma na tuna cewa in za a adana takarda a manhajar tawa, a cikin jerin zaɓin da take bayarwa akwai wanda ke cewa a adana ta a matsayin shafin intanet. Na sha ganinsa ban taɓa dannawa ba. Sai na ce, "Na iya mana."

Mai shagonmu ya ara mini kyamarar da muke ɗaukar hoton fasfo da ita. Ranar Lahadi da hantsi muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni da Inna. Riguna biyar muka samu. Biyu na Baba ne da kansa, ɗaya ta Yaya ce da ya bari a gida, ɗaya kuma muka aro wurin limamin unguwa. Duk waɗannan tsofaffin aiki ne. Ta biyar ita ce sabuwa, farar shadda da zare ruwan madara, wadda Baba ya gama a satin nan, mai ita, wani Alhaji, bai ma zo karɓa ba. Inna tana riƙe gefe tana korar kaji, ni kuma na hau turmi ina ɗauka daga sama. A ɗan allon kyamarar duk sun yi kyau.

Washegari na zuba su a kwamfuta, na jera su a takarda ɗaya, kowace da ɗan bayani a ƙasanta. Na sa suna a sama da manyan baƙaƙe, na yi wa gefe ado. Na daɗe ina kallon abin ina jin daɗi. Sannan na danna wancan zaɓin, na adana, na buɗe shafin a burauza, manhajar duba shafukan intanet, don in ga yadda mutanen Fatakwal za su gan shi.

Rubutun yana nan lafiya. Rigunan ne ban gane ba. Duk aikin ƙirjin, wanda a zahiri kana iya bin zare ɗaya da ido daga wuya har aljihu, ya narke ya zama kamar an ɗiga kunu a kan yadi. Na matso da fuskata. Na ƙara girman shafin, sai abin ya rabe ya zama ƙananan murabba'ai kamar tayil ɗin banɗaki.

Na koma manhajar rubutu. Ga su nan tas. Na dawo burauza. Kunu. Na yi ta kai da komo tsakanin tagogin biyu, kwamfuta ɗaya, allo ɗaya, hoto ɗaya, amma nan kyau can muni.

Abin da na fara yi, kuma ina jin kunyar faɗa, shi ne na ɗauki gefen mayafina na goge allon. Da hakan bai yi ba, sai na ce laifin kyamara ne. Na goge idonta, na sake roƙon Inna muka shimfiɗa tabarma, na sake hawa turmi, wannan karon da rana tsaka. Babu abin da ya canza. Na buga takardar a firinta don in gwada, ta fito da kyau har mai shago ya ce in ba shi ya manna a bango. To in hoton ba shi da kyau, yaya aka yi ya fito a takarda? In kuma yana da kyau, ina kyan yake zuwa?

Na yi tunanin ko don na sa su ƙanana ne. Na kama gefen hoto da linzamin kwamfuta na ja. Rigar liman ta yi faɗin da mutum biyu za su shiga su juya. Na ja ta sama, ta zama kamar zani a igiyar shanya. Na mayar.

A nan ne na lura da wata folda da ta fito kusa da shafin, da suna irin nasa, wadda ni ban ƙirƙira ba. Na buɗe, na ga hotuna a ciki da sunaye na lambobi, wasu ma biyu-biyu, da wasu fayiloli da ban san na mene ne ba. Nan take na ce shi ke nan, cutar kwamfuta ce, ɗalibai sun kwaso mana a filashinsu. Na goge foldar. Da na waiwayo, shafin ma ya ɓace tare da ita. Na zauna ina kallon wurin da yake, hannuna a kan baki. Da na sake adanawa, foldar ta sake dawowa, ita da lambobinta.

Yaya yana ta kira. A rana ta huɗu na gaji, na tura masa shafin ta imel yadda yake. Bayan sallar azahar ya bugo.

"Ke, ina hotunan?"

"Suna ciki mana."

"Babu ko ɗaya. Akwatuna ne farare, kowanne da ɗan jan tambari a kusurwa."

"Yaya, wallahi ga su nan ina kallo."

"To ni ma ga shi nan ina kallo, babu."

Abokin nasa ne ya karɓi wayar ya ce in haɗa da foldar in turo, wai a cikinta hotunan suke. Foldar da na ɗauka cuta ce. Na tura. Da Yaya ya sake kira muryarsa ta sauka.

"Sun fito. Amma ƙanwata, wannan ai kamar aikin inji. Kai, ko inji ya fi haka. In na nuna wa mutum wannan na ce hannu ne, dariya zai yi mini."

Ranar Juma'a, da yake ranar kasuwa ce, Baba ya biyo ta shagon zai je sayen zare. Ba ya yawan shigowa. Mai shago ya tashi ya ba shi kujera, suka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida, aka tambayi aiki, aka tambayi gajiya, aka koma kan ruwan bana. Ni kuwa na san Yaya ya gaya masa ana haɗa wani abu.

"Uwata," ya ce, "an ce kin sa rigunana a cikin na'ura. A nuna mini mana."

Na buɗe shafin na juya masa allon. Na sunkuyar da kai ina jira. Baba mutum ne da in almajirinsa na ɗinki ya karkace da faɗin zare ɗaya sai ya sa shi ya warware. Ya matso da kujera, ya kawo fuskarsa dab da allon, ya daɗe.

"Ma sha Allah," ya ce. "Ga su nan kuwa, yadda suke. Allah ya yi miki albarka."

Na ɗago. "Baba, ba ka ga sun yi dishi-dishi ba?"

"Ina? Lafiyarsu ƙalau."

Ya miƙe, ya yi sallama, ya tafi kasuwarsa. Na bi allon da kallo. Yanzu kuma na fara shakkar idona. Na kira mai shago na ce don Allah ya duba ya gaya mini gaskiya. Ya duba ya ce, "Wannan ai hazo ne zalla." To me Baba ya gani? Na yanke a raina cewa lallashina ya yi, don kada ya kunyata ni a gaban uban gidana. Amma ban taɓa sanin Baba da lallashi a kan ɗinki ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai har na tashi daga aiki.

Akwai wata mata da ke aiki a ɗakin kwamfutoci na jami'a, 'yar kudancin Kaduna, da takan zo duk Asabar ta yi kwafin waƙoƙin mawaƙan cocinsu. Anti nake ce mata. Ta girme ni sosai, tana da fara'a, kuma Hausarta ta fi ta wasunmu. A Asabar ɗin nan ta same ni na yi tagumi.

"Ƙanwata, wa ya mutu?"

Na nuna mata. Ta ajiye jakarta, ta jawo kujera, ta duba nan ta duba can, ta buɗe foldar nan, sai ta yi murmushi.

"Da wannan kika haɗa? Ai wannan manhajar don takarda aka yi ta. In kika ce ta mayar da takarda shafi, sai ta ɗauki hotonki ta yi wani ɗan ƙarami daidai girman da kika sa shi, ta zubar da sauran, don kada shafin ya yi nauyi. Ƙaramin kike gani."

"To amma Anti, me ya sa a firinta ya fito da kyau?"

"Can da babban take aiki."

"Ba kin ce ta zubar da shi ba?"

"A shafin ta zubar. A takardar yana nan."

"Takardar ai ita ce shafin."

"A'a. Daga takardar aka yi shafin."

Na ce, "To wanne ne hoton na gaskiya?"

Ta yi dariya har da dafa kafaɗata. "Wanda ya fito daga kyamara. Ina kika ajiye shi?"

Na nuna mata. Ta kwashe waɗannan ta zuba a foldar. Sannan ta buɗe shafin ta wata hanya da ban taɓa gani ba, sai ga shi ya koma rubutu zalla, baƙaƙe da alamomi cunkus kamar tururuwa, babu hoto babu ado. Na ce, "Innalillahi, ya lalace!" Ta ce a'a, cikinsa ke nan, haka kowane shafi yake ta ciki. Ta riƙa neman sunayen lambobin nan tana sauya su da sunayen hotunana. Ina gefe da littafi ina rubuta duk abin da ta danna. Littafin yana nan har yau, kuma ko sau ɗaya ban iya bin abin da na rubuta ba.

Da ta gama ta buɗe a burauza. Rigar liman ta fito, kowane zare a kwance a wurinsa, har inda allura ta shiga ta fita kana gani. Ban taɓa ganin aikin Baba da girma haka ba, don ni a ɗan allon kyamara da cikin takarda kawai na kalli hotunan. Muka wuce ta biyu, ta uku, ta huɗu. Anti tana cewa, "Kai! Mutum ne ya yi wannan da hannu?" Ni kuwa ina ta washe baki.

Sai muka zo ta biyar, sabuwar.

Na ce, "Anti, ga wata matsalar kuma. Kin ga wannan layin ya karkace. Nan kuma launin ya rabu biyu, rabi ruwan madara rabi fari. Ko ita ma manhajar ce ta taɓa shi?"

Ta ƙara girman hoton. Ta rufe shafin ta buɗe na asali, wanda ya fito daga kyamara.

"Ƙanwata, wannan ba daga kwamfuta ba ne. Haka yake a jikin rigar."

"Ba zai yiwu ba. Babana ne ya ɗinka."

"To ban sani ba. Amma kwamfuta ba ta karkatar da layi ɗaya ta bar na kusa da shi. Ki je ki duba rigar."

Na roƙi mai shago na tashi da wuri. Na isa gida bayan la'asar, Baba yana masallaci. Na ɗauko rigar daga inda aka ninke ta, na fito da ita tsakar gida na baza a hasken rana. Yana nan. Layi biyu a gefen aljihu sun kauce, wani wuri ɗinkin ya yi tazara, kuma daga tsakiyar ƙirji zuwa ƙasa zaren fari ne sol, ba ruwan madara ba. In ba ka nema ba za ka iya wucewa. Sau biyu na shimfiɗa rigar nan na ɗauke ta hoto ban gani ba, don hankalina yana kan kyamara.

Inna ta fito daga madafa tana goge hannu. Ta kalle ni, ta kalli rigar. Ta shiga zaure ta dawo da wata tsohuwar hula, ta miƙo mini. An soke allurai a jikinta sun kai goma, kowace da zarenta a zure.

"Ni nake zura masa," ta ce. "Tun bara. Kullum da safe kafin in ɗora koko. Ya ce kada in gaya muku."

"Zaren fa, Inna? Yaya aka yi ya canza?"

"Ranar da na tafi bikin suna a Ɗankaza na kwana biyu. Na zura masa da yawa, suka ƙare. Ya sa maƙwabciyarmu ta zura masa, shi ya miƙa mata zaren da kansa. Da na dawo na ga farin a allura na ɗauka shi yake so, na ci gaba da shi. Ni ma ban duba rigar ba."

Na zauna a bakin tabarma da hular a hannu. Sati guda ina faɗa da na'ura a kan hazo, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Ban yi masa magana a ranar ba. Washegari da safe na kai masa koko zaure, na gaishe shi, na zauna maimakon in fita. Na ce, "Baba, ranar da ka zo shago, me ka gani a allon nan?"

Ya juya cokali a kwanon ya daɗe.

"Innarki ta yi magana ke nan."

"Rigar ce ta yi magana, Baba. Ta Alhaji. Zaren ya rabu biyu."

Ya ajiye cokalin. "Ya rabu?"

"Daga tsakiya zuwa ƙasa fari ne."

Ya miƙo hannu na ba shi rigar. Bai kalle ta ba, shafa ta ya yi da yatsu, a hankali, daga wuya zuwa aljihu. A wurin da layin ya kauce yatsunsa suka tsaya suka koma baya. A wurin da zaren ya canza suka wuce abinsu.

"A allon naki," ya ce, "na ga fari, na ga duhu-duhu a tsakiya. Haka nake ganinsu a hannuna ma. Sai na ce to, ai sun fito."

Na kira Yaya a ranar. Cikin satin ya zo, muka kai Baba asibitin ido a Kano, Baban yana ta cewa mu bari sai bayan ya gama wata riga da ya karɓa. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idon biyu, na dama ya fi, kuma ana cirewa. Aka sa rana, aka fara da na daman.

Shafin kuwa, riguna huɗu na tura. Abokin Yaya ya tambayi ta biyar, na ce hotonta bai yi kyau ba. Ya ɗora, sai ga sabon ƙorafi: wai hotunan sun yi nauyi, mutum sai ya gaji da jira kafin riga ɗaya ta buɗe a waya. Na sake neman Anti. Ta ce sai an rage su. Na ce, "Anti, ba ragewar ce ta jawo mana duk wannan ba?" Ta ce wannan ragewar daban, waccan daban. Na ce to. Ta rage, suka yi sauƙi, kuma zaren bai narke ba. Na tambaye ta bambancin, ta yi mini bayani sau biyu, na gyaɗa kai don kada in ɓata mata lokaci.

Bayan an cire wa Baba bandeji da 'yan makonni, likita ya yarda ya riƙa ɗan duba aiki da rana. Abin da ya fara nema ita ce rigar Alhaji, wanda muka ba haƙuri muka ce ba a gama ba. Ya fito da ita ƙofar zaure, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya kalle ta da na dama. Ya daɗe sosai. Sannan ya ce a miƙo masa reza.

Inna ta ce, "Malam, wata uku fa ka yi a kanta."

Ya ce, "Miƙo dai."

Kwana tara ya yi yana warwarewa, kaɗan-kaɗan, don idon yana saurin gajiya. Ranar da ba ni da aiki na zauna kusa da shi ina riƙe masa yadin ina tsince guntayen zaren. Da ya kai inda ruwan madarar ya tsaya, ya yanko ɗan guntu ya ɗaure mini a gefen mayafi, ya ce ranar Juma'a in je wurin mai zaren da kaina, in sa shi ya fito da shi waje cikin rana kafin in karɓa.